Tambaya Da Amsa: Kwalejin Barewa, Daga Katsina Zuwa Zariya

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo akan Barewa suke, to sai na ga gara in haɗa su wuri guda mu yi ta ta ƙare. Waɗanda suka turo tambaya akan wasu abubuwan ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah ka raba mana gardama, a majalisarmu wani yace wai Barewa asalinta a Katsina take, ni kuma nace ƙarya ne tunda ni dai na santa a Zariya kuma har na taɓa wucewa ta bakin get ɗinta. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Ɗan uwa sai dai ka yi haƙuri, abokinka ne da gaskiya. Makarantar da ka wuce ta gabanta a hanyar Gaskiya a Zariya ita ce Barewa ba shakka, amma ba can aka yanke mata cibiya ba. A Katsina aka kafa ta a 1921, zamanin Gwamna Hugh Clifford, kuma shi da kansa ya zo ya yi bikin buɗe ta a watan Maris na 1922, lokacin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko na kan gado. Sunanta a lokacin Kwalejin Katsina, kuma ba ma sakandare bace irin wadda muka sani yanzu, makarantar horon malamai ce. Turawa sun buɗe makarantun lardi a wurare kamar Kano, Sakkwato, Bauci, Bida, Barno da sauransu amma babu isassun malamai ƴan ƙasa da zasu koyar a ciki, shine aka ce bari a riƙa tsamo yara masu ƙoƙari daga kowane lardi a kai su wuri ɗaya a yi musu shekara biyar ana gyara su, in sun gama kowa ya koma lardinsu ya riƙe alli.

Me yasa Katsina? Ai Katsina tsohon garin ilimi ne tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan, ga hasumiyar Gobarau nan shaida, sannan Sarki Dikko mutum ne da bai tsoron sabon abu, ya karɓi makarantar hannu biyu. Kuma su Turawan suna so yaran su zauna a garin Musulmi mai sarauta, nesa da Legas da abin da suke gani a matsayin fitinar ƴan bokon kudu. Wannan maganar zan dawo kanta a ƙasa don akwai wanda ya tambaya.

Ginin farko na ƙasa ne, irin namu na gargajiya, kuma har yau yana nan a cikin birnin Katsina, an mayar dashi gidan tarihi. Tunda kana Funtuwa ai ba nisa, wata rana ku ɗauki abokin naka ku je ku gani da idonku. In ka shiga ka ga ƙanƙantar azuzuwan nan sannan ka tuna su waye suka zauna a ciki, wallahi sai jikinka ya yi sanyi. Kuma ka tuna babu jirgin ƙasa zuwa Katsina, mota kuwa sai wane da wane, yara da yawa a ƙafa suke zuwa daga garuruwansu, tafiyar kwana da kwanaki da akwati a kai. Sardauna ma haka ya riƙa takowa daga ƙasar Sakkwato.

A 1938 aka ɗauke ta aka kai Kaduna ta koma Kwalejin Kaduna, a lokacin an riga an fara faɗaɗa karatun ya wuce na malanta kawai, an shigo da kimiyya sosai. A 1949 kuma aka sake ɗauke ta zuwa Zariya inda take har gobe. Can ma ta sha suna, Sakandaren Gwamnati ta Zariya, sai Kwalejin Gwamnati ta Zariya daga 1956, sai a 1971 ne aka raɗa mata Barewa, daga hoton barewar da ke jikin bajenta. Kaga kenan Sardauna da Tafawa Ɓalewa basu taɓa zama aji a makaranta mai suna Barewa ba, amma makarantar ɗaya ce, shi yasa a 2021 aka yi mata bikin cika shekara 100.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a Kano, an bamu aikin gida akan tsofaffin makarantun arewa. Na ji ana cewa duk shugabannin Najeriya ƴan arewa Barewa suka yi, har Buhari da Babangida. Haka ne?

AMSA: A'a ƴata, kar ki rubuta haka malaminki ya ja miki jan biro. Biyar ne: Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, firayim minista daga 1957 zuwa 1966, sai Janar Yakubu Gowon 1966 zuwa 1975, sai Janar Murtala Muhammad wanda ya karɓa a 1975 aka kashe shi a Fabrairun 1976, sai Alhaji Shehu Shagari 1979 zuwa 1983, sai Malam Umaru Musa Ƴar'aduwa 2007 zuwa 2010. Shi Umaru ma sakandarensa a Kwalejin Gwamnati ta Keffi ya yi, Barewa ya zo ne don karatun share fagen jami'a ya gama a 1971.

Buhari sakandaren lardi ta Katsina ya yi, abin da ke rikita mutane kenan, suna jin Katsina sai su ɗauka tsohuwar kwalejin ce, alhali ita ta bar garin tun kafin a haife shi. Babangida da Abdulsalami a Bida suka yi, Abacha kuma a nan Kano wajenku, makarantar da yanzu ake kira Rumfa.

In kina so aikin naki ya yi armashi kar ki tsaya a shugabannin ƙasa. Ki sa Sir Ahmadu Bello firimiyan arewa, da Sir Kashim Ibrahim gwamnan arewa daga 1962 zuwa 1966, da Janar Hassan Usman Katsina, da Birgediya Zakariya Maimalari. Ki sa alƙalan alƙalan Najeriya biyu da suka bi juna, Muhammad Bello da Muhammad Lawal Uwais. Sarakunan Musulmi biyu, Ibrahim Dasuƙi da Sa'ad Abubakar na yanzu. A ilimi akwai Farfesa Iya Abubakar masanin lissafi da Farfesa Jibril Aminu likitan zuciya. Kuma abin da ni ya fi burge ni, wanda ba a cika faɗa ba, shine rubutun Hausar boko ma a hannun mutanen makarantar nan ya tashi tsaye. Gasar ƙaga labari da aka yi a 1933, cikin waɗanda suka yi fice akwai Abubakar Imam da Tafawa Ɓalewa, duka tsofaffin ɗalibanta, da Malam Bello Kagara wanda ya koyar a cikinta. Imam ɗin nan shi ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Yau in muna rubuta wannan filin da Hausa kina karantawa, akwai guminsu a ciki.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mahaifina tsohon ɗalibin Barewa ne, shekararsa ta haura saba'in. Abin da ke bani mamaki in ya haɗu da wani ɗan makarantar, kafin ma su gama gaisawa sai ka ji sun fara tambayar juna lamba da gida. Wani lokacin ma sai ka ga babban mutum ya rusuna wa wanda bai kai shi komai ba wai don lambarsa na ƙasa. Menene sirrin abin? Daga Gusau.

AMSA: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ka gaishe min dashi. Wannan lambar ita ce babbar al'adar Barewa. Tun daga yaron farko da aka rubuta a rajista a Katsina ake bai wa kowane ɗalibi lamba a jere, ba a taɓa komawa farko ba duk da ƙaurar da aka yi har sau biyu. Ana sa harafin B a gaba. Sardauna B87 ne, Tafawa Ɓalewa B145, Gowon B783. Ka duba da kyau, Gowon ya shiga ne wajen 1950, wato kusan shekara talatin da kafa makarantar amma ba a kai ɗalibi dubu ba. Ka riƙe wannan lissafin don yana bayyana abubuwa da yawa, mai daɗi da mara daɗi.

To a wajensu wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shine siniya, ko da kai minista ne shi kuma tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya yana zaune a soron gidansa. Ni dai ina ganin wannan abu ne mai kyau ƙwarai a ƙasar da yanzu ake auna mutum da motar da ya fito daga ciki. Kuma ba yau suka fara ba, ƙungiyar tsofaffin ɗalibansu, BOBA, tushenta tun 1939 ne lokacin makarantar na Kaduna.

Gida kuma da kake ji, ɗakunan kwanan ɗalibai ne, kowanne da sunansa da kyaftin ɗinsa, kuma a tsakaninsu ake gasar wasanni da ta tsafta. Akwai Lugga, Clifford, Ɗan Hausa, Malam Smith, Mort, Bienemann, akwai Bello Kagara, Nagwamatse, Jafaru da Sulaimanu Barau. Ɗan Hausa shine Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, gidansa na nan har yanzu ana zuwa kallo. Mort shugaban makarantar ne zamanin Kaduna. Jafaru Sarkin Zazzau ne wanda a zamaninsa aka kawo ta Zariya, Sulaimanu Barau kuma Sarkin Abuja ta da, wato Suleja, yana cikin ɗaliban farko farko na Katsina.

Ka tambayi Baba labarin wasan fayif ka ga yadda zai gyara zama. Wasa ne da ake buga ƴar ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, daga makarantar Eton ta Ingila malamai suka zo dashi, a Katsina ya kama ƙasa, ɗaliban da suka gama suka watsa shi garuruwansu. Sardauna har ya zama firimiya bai daina bugawa ba. Akwai kurket da hoki da ƙwallon ƙafa da guje guje, Gowon ma gola ne a lokacinsa kuma yana dambe. Sai maganar Turanci, a Katsina an matsa wa yara akan furuci sosai, kalma sai ta fita tas, muryar nan ta Tafawa Ɓalewa da har Turawa ke tsayawa saurare can aka fara goge ta. Takensu kuma Larabci ne, man jadda wajada, wato wanda ya yi ƙoƙari zai samu, ko yanzu ka furta shi gaban Baba zaka ga ya yi murmushi.

TAMBAYA: Malam ni gaskiya na gaji da yabon Barewa. Makaranta ce da Turawan mulkin mallaka suka gina don ƴaƴan sarakuna su samu masu yi musu biyayya, kuma mutanenta su suka riƙe arewa shekara da shekaru, to ina arewar take yau? In faɗa maka gaskiya ina ganin suna ne kawai. Daga wani malamin makaranta a Kaduna.

AMSA: Malam na ji daɗin saƙonka fiye da duk sauran, kuma rabin maganarka ina tare da kai. Bari mu fara da inda kake da gaskiya.

Bature bai gina Kwalejin Katsina don arewa ta tsaya da ƙafarta ba. Ya gina ta ne don mulkinsa ta hannun sarakuna ya tafi daidai, a samu malamai da ma'aikatan En'e masu ladabi waɗanda ba zasu ɗaga murya ba. An yi ta ne don yara Musulmi a farko, maza zalla, kuma kaɗan ƙwarai. Ka duba Legas ta samu sakandaren mishan ta farko tun 1859, gwamnati ta buɗe Kwalejin Sarki a can a 1909, ita kuwa arewa da duk faɗinta da yawan jama'arta aka bar ta da kwaleji ƙwaya ɗaya ta gwamnati ana ɗigo mata yara ƴan kaɗan a shekara, sai a 1949 aka ƙaro wadda ta zama ta Keffi. Ƴan mata kuwa sai 1956 aka buɗe musu makarantar Sarauniya Elizabeth a Ilorin. Shi yasa in na ji ana alfahari wai makaranta ɗaya ta fitar da shugabanni biyar, nakan ji daɗi kuma nakan ji ciwo a lokaci guda, don wani ɓangare na dalilin shine babu wata ƙofar sai ita. Yara nawa masu kai irin na Iya Abubakar suka ƙare rayuwarsu ba wanda ya taɓa sa musu alli a hannu? Wannan gibin har yau shi muke biya.

Amma inda na rabu da kai shine cewa ta ƴaƴan sarakuna ce kuma ta fitar da ƴan amshin shata. Akwai ƴaƴan sarauta da yawa, gaskiya ne, Sardauna jinin Shehu Usmanu ne, Hassan ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo ne. To Tafawa Ɓalewa fa, ɗan wane sarki ne? Malam Aminu Kano daga gidan malamai ya fito. Gowon ɗan mai wa'azin Kirista ne a Wusasa, Angas daga ƙasar Filato, wanda ke nuna maka zuwa zamanin Zariya ƙofar ta riga ta buɗe. Kuma biyayyar da Bature ya so bai same ta yadda ya tsara ba. Sa'adu Zungur daga Katsina ya fito ya wuce Kwalejin Yaba, ya dawo ya hana Turawa da sarakuna barci da alƙalaminsa. Aminu Kano ya gama Kwalejin Kaduna a 1942 ya je koyarwa Midil ta Bauci, ya haɗu da Zungur da Tafawa Ɓalewa a can, daga ƙarshe shi ya ja ragamar NEPU, jam'iyyar talakawa da ta tsaya ƙyam gaban NPC ta su Sardauna. Shi kansa Tafawa Ɓalewa da ake gani mai sanyi, a 1950 ya tashi a majalisar arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, a lokacin da faɗar haka ba ƙaramar kasada bace. Wato mai mulki da ɗan adawa duk tukunya ɗaya ta dafa su.

Ni abin da nake gani shine sirrin makarantar nan ba wani tsafi bane kuma ba jini bane. An ɗauko yaro daga Barno, wani daga Ilorin, wani daga Adamawa, wani daga Sakkwato, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Banufe da Bayarabe, aka zuba su ɗaki ɗaya suna cin tuwo kwano ɗaya shekara biyar ko shida, aka basu malamai da suka san aikinsu kuma suka san kowane yaro da sunansa saboda ajin ba cunkoso, ga littattafai, ga filin wasa, ga horo ba sani ba sabo. Kafin wannan, ɗan Barno da ɗan Sakkwato kowa masarautarsa ya sani. Tunanin cewa akwai wani abu guda mai suna arewa, a ɗakunan kwanan makarantar nan ya yi ƙarfi.

Tambayarka ta ina arewar take yau kuwa, tana nan daram kuma ba zan kare kowa ba. Wasunsu sun yi aiki har aka kashe su akai, daren 15 ga Janairun 1966 kaɗai makarantar ta rasa Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Maimalari. Sardauna ya bar mana jami'a a Zariya tun 1962. Wasu kuma da suka biyo baya sun hau kujeru manya manya, sun sha ilimi kyauta da kuɗin harajin talaka, da suka samu dama sai suka kai nasu ƴaƴan makarantun kuɗi da na ƙasashen waje suka bar na gwamnati suna lalacewa. Wannan laifin kam ba na Clifford bane.

TAMBAYA: Gaisuwa daga Maraɗi. Mu a Nijar muna jin sunan Barewa a rediyo, ko akwai irinta a ɓangarenmu?

AMSA: Muna amsawa ɗan uwa. Faransa ba ta bi hanyar Ingila ba, ita wuri ɗaya ta tara yaran duk ƙasashen yammacin Afirka da ke hannunta, a makarantar William Ponty da ke Senegal, wadda ita ma da horon malamai ta yi suna. Can Diori Hamani shugaban Nijar na farko ya yi, haka Boubou Hama, haka Modibo Keita na Mali da Houphouet-Boigny na Kwaddibuwa. Ka ga abin mamaki, yaron Maraɗi ga Katsina nan kusa dashi amma sai dai a nufi bakin teku dashi, saboda layin da Turawa suka ja tsakaninmu.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce, ɗana zai gama firamare bana kuma babansa ya dage sai Barewa saboda kakansa can ya yi. Ni kuma gabana na faɗuwa da makarantar kwana a wannan zamanin. Har yanzu tana nan kamar da? Daga Samaru.

AMSA: Hajiya ba zan ɓoye miki ba, babu makarantar gwamnati a arewa da take kamar yadda take a 1955, kuma Barewa ba a wata duniya take ba. Yanzu tana hannun gwamnatin jihar Kaduna, ba ta duk arewa bace kamar da, don haka haɗuwar yaran larduna da na yi bayani a sama ta ragu sosai, yara kuma sun ninka na da nesa ba kusa ba. Abin da ta fi sauran dashi shine tana da masu ita, BOBA na da manyan mutane kuma suna waiwayarta da gyare gyare, duk da ni a ganina da irin mutanen da ke cikin ƙungiyar nan abin da ya kamata a gani ya fi haka.

Shawarata kar ku yanke hukunci da suna, ko na kirki ko na tsoro. Tunda kuna Samaru ai tafiyar ƴan mintuna ce, ku shirya ke da maigidan ku je ranar karatu ba ranar biki ba. Ku nemi ganin firinsifal, ku leƙa ɗakin kwanan ƴan aji ɗaya da banɗaki da wajen ruwa, ku tsaya lokacin cin abinci ku ga me ake zubawa a kwano. Ku tambayi yara nawa ne a aji, malaman lissafi da kimiyya nawa ne, waye ke kwana kusa da yara da dare, yaya katanga da masu gadi suke, kuma me ake yi wa siniyan da ya zalunci ƙaramin yaro. Ku nemi a nuna muku sakamakon WAEC da NECO na shekarun baya bayan nan. Sannan ki samu wata uwa da ɗanta ke ciki yanzu haka ku zauna, ita zata faɗa miki abin da ofis ba zai faɗa ba. Shi ma yaron a tafi dashi ya gani, a ji ta bakinsa. In kun gamsu ku kai shi da addu'a, kuma ki riƙa zuwa duk ranar ziyara kar ki bar wa babansa shi kaɗai.